Gurasar da Sangin Ya Gatsa

A ƙauyenmu, in aka hango Mu'allima Daulatmo ta karyo kwana da jaka a hammata, tsofaffin da ke zaune a gidan shayi kowa sai ya tuna ya bar wani aiki a gida. Ba don tana da mugun hali ba. Mace ce mai gaisuwa, mai zuwa dubiya, mai riƙon gida ita kaɗai tun da mijinta ya tafi aikin gini Rasha kamar mazan kowa. Laifinta ɗaya, tambaya. Ita ke koyar da tarihi a makarantar ƙauyen, littafin yaran kuwa ya sallami yaƙin basasarmu cikin 'yan layuka, wai an yi fitina, an yi sulhu, a gode Allah. Daulatmo ta ce ba ta yarda ba. Ta bi gida gida tana son jin wa ya gudu, wa ya tsaya, wa ya haye kogi bai dawo ba. Mutane su zuba mata koren shayi su ce, "An samu lafiya, Mu'allima, sha shayinki kada ya huce." Ban ga laifinsu ba. A nan kwarin Wahsh, mutanen Garm da mutanen Kulob, ɓangarori biyun da suka yaƙi juna, gona ɗaya suke tsintar auduga kafin yaƙin, gona ɗaya suke tsinta yanzu, 'ya'yansu sun auri juna sun hayayyafa. Wa zai so a tona?

Amma wanzami ba ya son jarfa. Gida ɗaya ne a ƙauyen Daulatmo ba ta taɓa yin tambaya ko ɗaya a cikinsa ba, shi ne nasu.

A ɗakin mahaifiyarta, Rajabmo, akwai gurasa rataye a ƙusa, can sama kusa da rufi, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Ta bushe ta yi tauri kamar faranti, gefenta ɗaya da gatsa. Kowa ya san in ɗa zai yi tafiyar da ba a san ranar dawowarta ba, uwa kan miƙa masa gurasa a bakin ƙofa ya gatsa, ta rataye sauran. Rabonsa ke nan, kuma muddin yana rataye zai jawo shi gida ya zo ya ƙarasa. Ba a sauke ta sai ranar da ya dawo. Sangin, yayan Daulatmo, ya gatsi tasa a kakar da yaƙi ya iso kwarin, ya bi samarin da suka ce za su je tsaron gada. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Ubansu Nazarali ya rasu yana jira. Tsohuwa kuwa ta gina wa ɗanta rayuwa guda a ƙasar da ke hayin kogi: yana garin Kunduz, ya yi aure, yana da shagon gyaran keke, matar ce mai mugun hali ta hana shi zuwa.

Daulatmo tana da shekara tara lokacin. Ta tattara labarin gudun hijirar kowa a ƙauyen, nata kuwa ɗan guntu ne: sanyi, ciyawar bakin kogin Panj da ta fi ta tsawo, zazzaɓi, da wata jiƙaƙƙiyar gurasa da aka riƙa tura mata a baki kaɗan kaɗan. Ta sha gaya wa ɗalibanta cewa ba ta taɓa cin abu mai daɗinta ba. Mahaifiyarta ta ce wata baƙuwa ce mai tausayi ta ba su.

Ranar Laraba da hantsi, katafilar da ke haƙa sabuwar hanyar ruwa a bayan gonar auduga ta tsaya cak. Kafin direban ya gama salati labari ya kai makaranta. Daulatmo ta bar alli a kan tebur, ta bar yara baki buɗe, ta fita da sauri har ɗankwalinta na zamewa.

Mutum uku ne a ramin, ko abin da ƙasa ta rage na mutum uku. Maza sun yi da'ira sun yi jugum. Hokim, shugaban ƙauyen, yana tsaye a kan tulin ƙasa da hannuwa a baya, da ya gan ta sai ya yi tsaki.

"Na sani. Ke dai Mu'allima kamar ungulu kike, ba kya jin ƙanshin biki sai na mushe. Wa kika bar wa 'ya'yan mutane?"

"Sun iya karatu da kansu, Aka Hokim," ta ce, don Aka, wato yaya, muke ce wa namiji babba. "Matsa in gani."

"Me mace za ta gani a nan?"

Ta riga ta gani. Ƙoƙon kai ɗaya ya mirgino gefe, yana kallon sama. Haƙorin gaba na hagu babu, na kusa da shi ya karye a karkace. Tana nan ranar bikin bazara da wani ƙato ya kayar da Sangin a filin kokawa, ya tashi yana tofar da jini yana dariya, kuma tun daga ranar ta wannan giɓin yake yi mata fito in zai tsokane ta.

"Yayana ne," ta ce.

Mazan suka kalli ƙasa. Hokim ya sauko daga tulin, ya ja ta gefe, ya sassauta murya.

"Ki ji tsoron Allah. Rabin ƙauyen nan masu giɓi ne, ga nawa nan, ko ni ma yayanki ne?"

"Na san bakin yayana."

"Kina 'yar shekara tara? Saurara, 'yar'uwa. Hukuma za ta zo ta duba ta tafi. Jumma'a bayan an sauko za mu yi musu sutura mu binne su tare, bayin Allah uku, shi ke nan. Kika sa wa ɗaya suna, gobe za a ce to wa ya sa shi a ramin? Jibi a ce wa ke tsaron wannan hanya a lokacin? Jikata tana auren ɗan ƙanin babanki. Ki bar kaza cikin gashinta."

"Wato a binne shi kamar kare."

"Kare ake yi wa salla?" Ya share fuska da hularsa. "To, ji nan. In Hola Rajabmo ta tako da ƙafarta ta ce nata ne, ba ni jayayya da uwa. Ke kuwa a'a."

Ya faɗi haka ne don ya san tsohuwar, wadda kowa ke kira Hola, wato gwaggo. Duk ƙauyen ya san ta.

Daga nan Daulatmo ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta koma aji ta rubuta kwanan wata sau biyu a allo. Ta dawo gida ta ɗora ruwa ta manta, har butar ta ƙone. Ta fita lambu, ta dawo, ta sake fita ba ta san me ta je ɗauka ba. An kwashe ƙasusuwan an naɗe su cikin farin yadi an ajiye a ɗakin da ke jikin masallaci, ita kuwa ji take kamar a ƙirjinta aka ajiye su. In Jumma'a ta wuce, Sangin ya shiga ƙasa a karo na biyu ba suna, kuma wannan karon da saninta.

Ranar Alhamis, kamar kowace Alhamis, Rajabmo ta ɗora kasko tana soya 'yan waina don ƙanshin mai ya kai ga mamata. Tana juyawa tana kiran sunayensu: mijinta, iyayenta, jaririyar da ta rasa a sansanin gudun hijira. Daulatmo ta tsuguna kusa da murhu.

"Oca," ta ce, wato inna da harshenmu, "kin ji abin da katafila ta tono?"

"Ina da kunne."

"Ɗaya daga cikinsu yana da giɓi. Nan, a hagu."

"Allah ya ji ƙansa. Miƙo min faranti."

"Oca, na kusa da shi ma a karye yake, kamar na…"

"Faranti na ce." Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Kin gama da gidajen mutane, yau kan nawa kika juyo? Ɗana yana Kunduz. Ga gurasarsa can ko tsutsa ba ta taɓa ta ba. Wanda rabonsa ke rataye ba ya mutuwa."

"Ki zo ki duba kawai. In ba shi ba ne mu dawo."

"Ni ba ni da abin dubawa a ɗakin gawa. In yawon ne bai ishe ki ba, je ki. Tun kina yarinya ƙafarki ba ta san zama ba."

Maganar gurasar ce ta tsaya wa Daulatmo a rai. Gurasa mai laushi in aka gatse ta ta bushe, ai sawun haƙoran yana nan. Giɓi zai bar tudu a inda haƙori bai ci ba. In ta kai wa Hokim da liman suka gwada da idonsu, gani ya kori ji. Sai dai sauke gurasar da mai ita bai dawo ba, wannan abu ne da ko mahaukacin ƙauye ba zai yi ba. Ta san haka sarai. Ta yi ta juya maganar, tana shiga ɗakin tana fita, tana ɗaga kai tana kallon farin ƙyallen, har tsohuwa ta ce mata ko ƙuma ce ta shige mata riga.

Da safiyar Jumma'a Rajabmo ta ɗauki sandarta ta tafi kai wa maƙwabciya madara. Daulatmo ta jawo akwatin da ake jibga barguna a kai, ta hau. Ta yi bisimilla ta zare igiyar daga ƙusa. Gurasar ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta sumbace ta, ta kai goshi, ta fito da ita tsakar gida inda rana take, ta yaye ƙyallen.

Sawun haƙoran yana nan kuwa, raɗau, kamar jiya aka yi shi. Ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta, ta shafa da ɗan yatsa. Haƙora ne ƙanana, a jere, ba giɓi, ba karaya. Ta juya gurasar ta duba ɗaya fuskar. Haka dai.

"Mayar da ita."

Tsohuwar tana bakin ƙofa da kwanon madara a hannu, ashe ba ta sami maƙwabciyar ba. Muryarta ba ta tashi ba, abin da ya fi tsorata Daulatmo ke nan.

"Oca, wannan ba haƙoran Aka Sangin ba ne."

"Na ce ki mayar."

"Ba bakin namiji ba ne ma. Wa ya gatsi wannan?"

Rajabmo ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ta zauna a kan dakalin tanderu, ta miƙe ƙafafu, ta daɗe tana kallon kajin da suka taru a kan madarar ba ta kore su ba.

"Ni ce," ta ce. "Lokacin ina da haƙora."

Daulatmo ta sake duban gatsar. Shekaru tana koyon yadda ake yin shiru a gidajen mutane don su ci gaba da magana, yau shirun ya zo mata ba da dabara ba.

"Da za mu gudu, ban ɗauki zobena ba, ban ɗauki bargo ba, gurasarsa na zara na cusa a ƙirji. Na ce duk inda muka je ta jawo shi can. Muka kwana nawa a cikin ciyawar nan muna jiran masu haye da mutane, ni ban sani ba. Abinci ya ƙare. Ke kuma kin daina kuka, kin daina komai, idonki a buɗe kamar na ɗan rago. Wata mata kusa da mu 'yarta ta mutu da safe. Na duba ki, na taɓa ƙirjina." Ta taɓa wurin yanzu ma, da tafin hannu. "Na jiƙa ta da ruwan kogi na ba ki. Duka. Har wurin da ya gatsa."

"Kin ce baƙuwa ce ta ba mu."

"To me zan ce? In ce na cire rabon ɗana na zuba a bakin 'yata? Da muka dawo muka tarar da ɗakin ba rufi, tun kafin babanki ya kafa ƙofa na hura tanderu na gasa wata, na gatsa, na rataye. Na ce ko Allah zai karɓa a madadin waccan. Babanki ya mutu bai sani ba. In na je na ga shi ne, Daulatmo, ni na kashe shi. Ni na yanke igiyar da za ta jawo shi."

Tausayi da haushi suka taso wa Daulatmo tare, har ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta durƙusa a gaban uwarta da gurasar a cinya.

"Oca, a kaka ya tafi. Mu da sanyi ya tsananta muka gudu. Wannan hanyar ta bayan gona, duk wanda na tambaya ya ce tun kafin a gama tsintar auduga aka yi kisan da aka yi a kanta, daga nan ba wanda ya ƙara bin ta. Ranar da kika ba ni gurasar, ya daɗe a ƙasa."

"Kin tabbata?"

"Ba abin da nake yi ke nan ba, har aka sa min ungulu?"

Tsohuwar ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Ta miƙo hannu ta kama haɓarta ta juya fuskarta zuwa rana.

"Shi ya sa ba kya zama," ta ce. "Na sha cewa wannan yarinya me ke korarta gida gida. Ashe rabonsa ne a cikinki yake neman mai shi."

Kaji suka gama da madara suka watse. Daga nesa aka ji yaran makaranta sun taso. Rajabmo ta dafa sanda ta miƙe, ta karɓi gurasar daga cinyar 'yarta, ta sumbace ta, ta ɗora a kan dakalin.

"Bar ta nan, tawa ce, ni zan jiƙa in cinye abata. Ɗauko min babban mayafina."

"Ba za mu tafi da ita ba?"

"Sai da gurasa zan gane bakin da na shayar?"

Tafiyar da Daulatmo kan yi cikin ƙiftawar ido, ranar ta ɗauke su tsawon lokaci. Tsohuwa tana tsayawa tana hutawa a gindin kowace bishiya, 'yar kuwa tana kallon rana tana cizon leɓe, don maza sun fara wucewa da dardumansu a kafaɗa. Suna gaishe su suna waiwaye. Kafin su kai, labari ya riga su.

Hokim yana ƙofar ɗakin da ke jikin masallaci, tare da liman. Da ya ga wadda ke tafe sai ya cire hannuwansa daga baya ya ɗora na dama a ƙirji.

"Hola, da kanki? Ai da kin aiko. Wannan ba abin da ya kamata idonki ya gani ba ne."

"Hokim, na san ka tun kana yawo ba wando. Ba ni hanya."

"Hola, ki yi tunani. Mutane…"

"Ban zo tambayar wanda ya sa shi a rami ba. Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ɗana na zo ɗauka."

Hokim ya matsa. Ɗakin yana da sanyi, yana warin ƙasa. Ƙunshi uku ne a jere a kan tabarma, ƙanana, kowanne bai wuce kayan wanki ba. Liman ya kwance na farko. Rajabmo ta leƙa ta girgiza kai ta yi masa addu'a. Ya kwance na biyu.

Sanda ta faɗi. Tsohuwar ta sulale ta durƙusa, ta tallabi ƙoƙon kan da hannu biyu ta share ƙasar da ke goshinsa da gefen mayafinta. Sannan ta sa ƙaramin yatsanta a giɓin, kamar yadda ta saba yi tana yi masa faɗan kokawa.

"Ka daɗe, ɗan nan," ta ce. "A bayan gona kake, ni ina aika ka Kunduz."

Ba wanda ya motsa. Hokim ya juya fuska ga bango, ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba. A waje ladan ya yi gyaran murya a lasifika.

Liman ya sunkuyo ya tambaya a hankali, "Hola, wane suna zan kira a sallar?"

Rajabmo ta juya. Ta lalubo hannun 'yarta ta matse.

"Faɗa masa. Ke kika ci gurasarsa."

Daulatmo, wadda ke cika aji da murya tun safe har azahar, ta sunkuyo kusa da liman. Ɗanɗanon ruwan kogi da jiƙaƙƙiyar gurasa ya dawo mata a harshe, har da wurin da aka gatsa.

"Sangin," ta ce. "Sangin ɗan Nazarali."

Liman ya maimaita sunan don kada ya manta, ya fita wurin jama'a.